Jar biron Oga da shirin Shikago: abin da na kwasa a shekara huɗu

Ranar Juma'ar nan zan miƙa makullin durowa, bayan shekara huɗu a teburin bincike na gidan rediyon nan. Wasunku sun matsa cewa kada in tafi ban bar wa mai zuwa wani abu a rubuce ba. To ga shi. Na san in an ambaci sunana a gidan nan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne shirin Shikago, don haka babu amfanin kewaye-kewaye.

Waɗanda ke nan a lokacin sun tuna. An tsara kashi uku a kan ƙungiyar miyagun nan ta 'yan asalin Italiya da ta riƙe wuyan birnin Shikago na Amurka, wadda ake kira Outfit, aka ba ni mako biyu. Na shiga aikin da abin da kowa ya sani, wato Al Capone mai tabo a kumatu. Kwana uku da fara karatu na gane ashe shi na uku ne a layi. Gida ya tarar an gina, an yi daɓe, an yi rufi.

Wanda ya haƙa harsashin shi ne Giacomo Colosimo, da ake ce wa Big Jim, mutumin yankin Calabria a kudancin Italiya. Da sharar titi ya fara. Ya haɗa kan 'yan'uwansa masu shara, ya mai da su ƙuri'u, ya kai wa kansiloli biyu da ke riƙe da mazaɓa ta ɗaya, Michael Kenna da John Coughlin. Su kuma suka ɗaure masa gindi a unguwar Levee, matattarar caca da gidajen karuwai. A 1902 ya auri wata magajiya, Victoria Moresco, harka ta ƙara buɗewa. Zuwa 1910 ya buɗe gidan cin abinci da rawa mai sunansa a titin South Wabash, inda manyan gari da mawaƙa ke kwana suna hira. Wannan ɓangaren ne ya fi kama ni, don babu bindiga sosai a cikinsa. Ƙuri'a ce da kuɗin goro da ɗan sandan da ke kau da kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗan siyasa ke kiwon 'yan daba ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi.

Kuɗi ya jawo masa 'yan Baƙin Hannu, masu aiko da wasiƙar barazana cewa ko ka biya ko ka mutu. Shi ya sa wajen 1909 ya kira Johnny Torrio daga Niyok. Torrio ya yi maganinsu, ya kuma zauna yana kula da littafin kuɗi. Mutum ne ɗan tsurut, ba hayaniya, ba shaye-shaye, da yamma yana gida wajen matarsa. Ba banza ba suka yi masa laƙabi da dila. Da dokar hana giya ta fara aiki ranar 17 ga Janairu 1920, shi ya hango irin dukiyar da ke cikin fasa-ƙwaurinta, yayin da ubangidansa hankalinsa ya tafi wajen wata mawaƙiya, Dale Winter, wadda ya saki uwargida ya aura. Makonni kaɗan bayan auren, ranar 11 ga Mayu 1920, aka harbe Colosimo a zauren gidan abincinsa. An zargi Frankie Yale na Brooklyn, wani yanki na birnin Niyok, da harbin, an zargi Torrio da shiryawa, amma kotu ba ta taɓa kama kowa da laifin ba. Coci ta ƙi yi masa jana'iza, duk da haka alƙalai da kansiloli suka cika wajen rakiyar gawa.

Daga nan Torrio ya yi abin da a ganina shi ne ainihin kafa ƙungiyar. Ya tara shugabannin gungun birnin ya ce a raba gari, kowa ya sayar da giyarsa a yankinsa, a daina zubar da jini tunda jini na kore ciniki. Arewa ta Dean O'Banion ce, ɗan asalin Ireland mai shagon furanni. Unguwar Italiyawa ta 'yan gidan Genna. Capone a lokacin yaron Torrio ne, yana tsaron wata mashaya mai suna Four Deuces, a kan titin South Wabash ɗin dai.

Haka na rubuta kashi na farko, Capone bai leƙo ba sai a minti biyar na ƙarshe. Na ji daɗin rubutun nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar Laraba da la'asar na kai wa Oga. Yana cin gyaɗa, ya karanta shafi ɗaya da rabi, ya ajiye, ya kakkaɓe hannu.

"Malam, wa ya san wani Colosimo a garin nan? Direban tasi ne zai tsaya sauraron mai shara?"

Na ce, "Yallaɓai, ai shi ne tushen."

Ya ce, "Tushe a ƙasa yake zama. Ka kawo min Capone tun daga sallama. Gobe ƙarfe tara za mu ɗauka."

Na koma teburina na kwana ina rusa aikin mako biyu. Wajen ƙarfe biyu na dare, ido ya yi jawur, inji yana ta ƙugi a baya, na rubuta sabuwar shimfiɗa: "Al Capone, haifaffen Sisili, wanda ya shugabanci ƙungiyar…" Ban duba ba. Ban ma ji akwai abin dubawa ba. Fina-finai sun riga sun dasa min cewa duk ɗan Mafiya daga tsibirin Sisili na Italiya yake, hannuna ya rubuta ba tare da ya nemi izinin kaina ba. Alhali a littafin da ke buɗe a gabana an rubuta ɓaro-ɓaro cewa a Brooklyn aka haife shi, ranar 17 ga Janairu 1899, iyayensa kuma daga wajajen Naples, ba Sisili ba, suka yi hijira. Har alama na yi a gefen shafin, don ya ba ni dariya cewa ranar da ya cika shekara 21 ita ce ranar da aka hana giya.

Da safe Oga ya ɗauki jar bironsa, ya soke "shugabanci" ya rubuta "kafa" a samansa. Ya ce ya fi armashi. Ina tsaye a kansa, na gani, na yi shiru. Haka aka ɗauka, haka aka watsa.

Sauran kun sani. Wani malamin tarihi ya rubuto doguwar wasiƙa cikin ladabi mai zafi, aka kuma yi ta yawo da guntun muryar a WhatsApp. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne malamin ya nuna kuskuren nawa ba ƙarami ba ne kamar yadda na so in ɗauka. Rashin zaman Capone ɗan Sisili shi ne mabuɗin fahimtar Shikago. Saboda haka ne bai iya hawa kujerar shugabancin Unione Siciliana ba, ƙungiyar 'yan Sisili mai tasiri a harkar giya, sai dai ya yi ta ƙoƙarin ɗora nasa, ana ta kashe masu hawa kujerar. Saboda haka ne kuma ƙungiyar tasa ba ta damu da asali ba kamar na wasu biranen: mai riƙe mata kuɗi, Jake Guzik, Bayahude ne, Murray Humphreys kuma iyayensa mutanen Wales ne. Cikin shugabanni ukun farko babu ɗan Sisili ko ɗaya. Da kalma biyu na rufe ƙofar da ya kamata shirin ya buɗe.

Taron Litinin. Oga ya karanta wasiƙar da ƙarfi daga farko har ƙarshe, yana ɗagowa yana dubana a kowace gaɓa. Ya ce sashen bincike ya zubar wa gidan nan mutunci, kurakurai biyu a jimla ɗaya. Biyu, haka ya faɗa. Takardar mai jar biro tana cikin aljihun rigata a ninke huɗu, ina jin kaifinta a ƙirjina. Ban fito da ita ba. Na ce, "Na yi kuskure, Yallaɓai, a yi haƙuri." Aka cire sunana daga jerin masu shirin na wata uku.

An sha tambayata me ya hana ni magana. Na kan ce girmama na gaba ne. Gaskiyar ita ce rabin jimlar tawa ce, kuma mai kashi a gindi ba ya iya ɗaga murya. Da "haifaffen Sisili" ba ta wurin, da na ajiye takardar a kan tebur kowa ya gani. Wannan shi ne babban abin da na koya a gidan nan: kuskurenka shi ke saya wa na sama da kai damar jibga maka nasa. Tun daga ranar ban ƙara barin wurin haihuwa, ko shekara, ko adadi ya wuce ba sai na ɗora yatsa a kan inda na samo shi, musamman abin da nake jin na riga na sani. Abin da ban sani ba bai taɓa kayar da ni ba, don shi ina dubawa.

Kashi na biyu da na uku sun fita lafiya, ba wanda ya ce uffan, ba kuma wanda ya ce sannu. A ciki na samu na cusa yadda sulhun Torrio ya wargaje: O'Banion ya yaudare shi a cinikin masana'antar giya ta Sieben, aka kashe O'Banion a shagon furanninsa a Nuwamba 1924, yaransa suka rama da harbin Torrio a ƙofar gidansa a Janairu 1925. Ya sha da ƙyar, ya yi zaman gidan yari na 'yan watanni, ya miƙa wa Capone ragama ya tafi Italiya. Capone mai shekara 26 ya yi ta hira da 'yan jarida yana ɗaukar hoto, har kisan mutum bakwai na ranar 14 ga Fabrairu 1929 ya jawo masa idon gwamnatin tarayya, aka ɗaure shi shekara 11 a 1931 kan ƙin biyan haraji. Mulkinsa duka bai kai shekara bakwai ba. Torrio kuwa sai 1957 ya mutu, bayan ciwon zuciya ya buge shi a kujerar aski. Paul Ricca da Tony Accardo da suka riƙe ƙungiyar shekaru da dama bayan haka, hanyar Torrio suka bi, ba su son kyamara. Na taɓa faɗar haka a wani taro, cewa a Shikago mai yawan son makirufo shi ya fi saurin faɗuwa. Wasu suka sunkuyar da kai suna murmushi. Ni tarihi kawai nake bayarwa.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka yi rubutun shimfiɗa bayan sha biyun dare. In an gyara maka rubutu, ɗauki hoton shafin da waya kafin ya bar hannunka. "An zarge shi" da "ya aikata" ba ɗaya ba ne, ko da mamaci ne kake magana a kansa. Mai sauraron da ya ɓata lokacinsa ya gyara maka, ka amsa masa da kanka. Ni na rubuta wa malamin nan a ɓoye, har yau muna gaisawa, littattafai biyu ya ba ni aro. Ka kuma yi abota da masu haɗa sauti, su ne suka san wa ya canza me.

Ga wanda zai gaji kujerata: rubutun farko na kashi na ɗaya, mai farawa da mai shara, yana nan a kwamfutar sashe, cikin jakar da na sa wa suna "Laraba". Minti ashirin da takwas ne cif, ba a taɓa watsa shi ba, kuma na bi kowace shekara da ke ciki sau uku. Takardar mai jar biro kuwa ba ta cikin kayan ofis, da ita zan tafi.