Kuɗin zama da mai kamfani, wa ya kamata ya riƙe su?

Daren jiya a fada shayi na biyu bai ma sauka ba ɗan ƙanwata ya jefo wata magana da ta hana ni barci. Yaron shari'a yake karantawa a jami'ar Abdou Moumouni, kullum da sabon labari a bakinshi. Ya ce "kawu, ka san a Amurka gwamnati ta taɓa ba da kuɗi don kawai ƴan sandika da masu kamfani su zauna su yi magana?" Kowa ya fashe da dariya, wani ya ce mu nan in ka je ganin direkta ko ruwan sanyi ba ka samu. Ni dai ban yi dariya ba, don shekara 4 na yi ina delege na ma'aikata, na san abin da zaman ke ci.

Kuma yaron bai yi ƙarya ba. A 1978 sunka yi doka kan haɗin kan ma'aikata da masu ba da aiki, rabon kuɗin anka ɗora shi kan wata hukuma FMCS wadda tun 1947 aikinta shiga tsakani in rikicin aiki ya tashi. Sharaɗin ne ya burge ni, ba a ba sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ita kaɗai, ba a ba mai kamfani shi kaɗai, sai kwamitin da su biyun sunka kafa tare, ko cikin masana'anta guda ko yanki guda ko sana'a guda. Ingila ma ta yi irin haka a 1999 zamanin Tony Blair, su nasu a lokacin gwamnati rabi kawai take biya, sauran ku nemo da kanku.

Mu a Nijar ai ba takardu munka rasa ba. Dokar aiki ta 2012 ta ce duk inda ma'aikata sunka wuce 10 a zaɓi delege na shekara 2, akwai hukumar CNDS ta sasanta gwamnati da sandika da masu kamfani, a 2019 an yi zaɓen manyan ƙungiyoyin ƙwadago CDTN ta zo ta ɗaya, albashi mafi ƙanƙanta da ya daɗe a jikka 30 da ƴan kai ya koma jikka 42 daga farkon 2024. Amma ku duba yarjejeniyar aiki ta bai ɗaya, tun ta 1972 ake ta ja sai 2022 anka sabunta ta, shekara 50 cur! Duk wannan can sama ne wajen masu manyan riguna, ƙasa inda inji ke kuka fa?

Inda na yi aiki, wani kamfanin kwanon rufi ne a unguwar masana'antu wajen Gamkalle, ba sai na faɗi suna ba, farkon zaman da munka taɓa yi da Alhaji mai kamfanin sai da jini ya zuba. Injin yanka kwano ya cinye ma wani yaro yatsu biyu, ni na ɗauke shi a moto zuwa likita, hannun naɗe cikin rawanina yana cewa kar in gaya ma uwarshi. Washegari anka gano ko a kes, asusun inshorar ma'aikata, ba a rubuta shi ba. Samari sunka ce yajin aiki kawai, wani tsoho cikinmu da duk muke ce ma Baba ya ce a bari tukuna, ya shiga biro ya cire hula ya ce "Alhaji ranka ya daɗe, ba faɗa ya kawo mu ba, zo ka ga injin da idonka." Wallahi da ya zo ya ga murfin kariyar an cire shi tun bara don aiki ya yi sauri, shiru ya yi, shi kanshi bai sani ba, shefun atilye ne sunka yi abinsu.

Daga nan munka fara zama kowace Asabar ta farkon wata ƙarƙashin rumfar da ake aje motoci, mu uku su uku da butar shayi. Safar hannu ta samu, anka gyara lokacin aiki cikin azumi, anka daidaita maganar abansi kafin sallar layya wadda da kowace shekara sai an yi baram-baram a kanta. Wata 7 abin ya yi ya mutu. Ba rigima ta kashe shi ba, kontabul ne ya tambaya wa zai biya awa biyun da mutum shida ke zaune ba aiki, mu kuma in ya baje mana lissafin kamfani kallon takardar kawai muke kamar an ba makaho madubi, ba mu da mai karanta mana, ba mu da ko mai rubuta abin da anka yanke, sai wata ya zagayo kowa ya ce ba haka anka ce ba.

Abin haushin cikin wannan shekarar anka gayyace ni taron atilye na kwana 3 a wani otel kan "tattaunawa tsakanin ma'aikata da masu ba da aiki". Sanyin kilim, jaka mai tambari, nama da rana, ferdiyam da marece. Ban ƙi ba, na karɓa na sayi buhun shinkafa, ƙarya me. Amma ina zaune ina lissafi a raina, kuɗin abincin rana guda na zaurenga sun isa su riƙe rumfarmu shekara, kuma cikin masu kamfanin da anka gayyata yawanci wakili sunka turo, wakilin ma ya sa hannu ya fita.

To shi ya sa in gwamnati za ta sa kuɗi a wanga sha'ani ni ina goyon baya, amma da tsoro. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi mashi aski, shugaban sandika da motarshi da man motarshi sunka fito daga hannun gwamnati ranar da ya kamata ya buga tebur sai ka ji yana tari, ballantana nan da gwamnatin ita ce babbar mai ba da aiki, malaman lakwal da ma'aikatan likita duk nata ne. Kuɗin su sauka ƙasa, kaɗan kaɗan, asusun da ba a taɓa shi sai da sa hannun delege da na mai kamfani, shi ma mai kamfanin ya zuba nashi kason don abin ya yi mashi zafi. A biya awannin zama, a biya mai rubutu, a kawo wanda zai koya ma delege karanta lissafi. Maganar albashi da yajin aiki kuma a bar ta inda take, kar wani ya zo gobe ya ce kun ci tallafi ku yi shiru.

Ɗan ƙanwata ya ce "kawu to ƴan kabu-kabu da masu ɗinki da yaran gareji, su wa zai zauna da su, su da ba su da delege?" Na buɗe baki ban sami amsa ba, mai shayi ya miƙo na uku. Yaron nan mai yatsu kuwa yanzu caji da katin waya yake saidawa bakin kasuwar Wadata, in na biya ta wurin ba ya karɓar kuɗina.