Kwana 13 da aka so in share

Yau Laraba na shiga ofis da farin ciki, domin jiya kafin la'asar aka gama zuba kankaren bene, kuma abin da ya rage mini shi ne in shigar da ranar a Microsoft Project, manhajar da muke tsara jadawalin aikin da ita, in fitar da rahoton da za a kai wa Alhaji mai ginin gobe. Har shayi na aika aka sayo wa kowa.

Da na rubuta 19 ga Agusta a gurbin ranar da aka kammala aikin a zahiri, sai sandar da ke nuna kankaren ta zame dama, ta bar 'yar'uwarta mai ruwan toka, wadda ke nuna asalin tsarin watan Mayu, a ƙasa, tana nan daram a kan 4 ga Agusta inda muka ajiye ta tun farkon kwangila. Cire katako, ɗora bulo, rufi da fulasta duk suka bi ta, tunda a ɗaure suke da juna, ranar miƙa ginin ma ta matsa. A gurbin bambanci kuwa lamba 13 ta fito, domin manhajar ranakun aiki kawai take ƙirgawa, mu kuma Lahadi ce kaɗai ba ma fita.

Ina cikin duba wannan Injiniya ya shigo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Malam, wannan jan da ya cika fuskar kwamfuta fa? Alhaji zai ɗauka gobara ce ta tashi." Na ce, "Ranka ya daɗe, jan ba latti yake nufi ba, ayyuka ne waɗanda ba su da rarar ko yini ɗaya, idan ɗaya ya makara to ranar ƙarshe ma ta makara." Ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora yatsa a kan lambar, ya ce, "To wannan ita ce lattin ke nan. Ka sake ajiye tsarin daga yau, ta koma sifiri."

Abin da yake nema ba ya ɗaukar minti guda. Manhajar za ta tambaye ni sau ɗaya ko na yarda a rubuta sabo a kan tsohon, ina amsawa sandunan toka su yi tsalle su dawo ƙarƙashin masu launi, a ga kamar tun farko haka muka tsara. Kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce tsarin watan Mayu ya riga ya mutu, wanda yake auna aikin gobe da mataccen tsari kansa yake yaudara, kuma Alhaji ya fi kowa sanin irin ruwan da aka tafka a watan nan. Na ce gaskiya ne, amma kwana 13 ɗin nan ba duka na ruwa ba ne. Biyar ne na ruwa, shida mun yi su ne muna jiran rodi saboda kuɗin kashi na biyu ba su fito daga wajen Alhaji da wuri ba, kuma idan aka zo maganar ƙarin wa'adi a ƙarshen shekara, ba mu da shaidar da ta wuce tazarar da ke tsakanin sandunan nan biyu. Ya tambaye ni sauran biyun, na ce yashi ne bai iso ba. Bai ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba, alhali mu duka mun san wanda ya manta bai kira mai tifa ba sai da lebura suka zo suka zauna a gindin darbejiya suna hira. Ni ne.

Daga ƙarshe na tuna masa cewa manhajar tana da gurbi har 11 na ajiye asalin tsari, saboda haka babu dalilin taka na farko. Na ajiye sabon a gurbi na biyu, na bar na Mayu yadda yake. Ya ce madalla, amma rahoton gobe a fitar da shi a kan sabon. Na fitar, na kai masa, ya sa hannu.

Da rana Baba Kafinta ya kira yana tambayar ranar cire katakon ƙasan bene, na ce ya dakata sai sakamakon gwajin ƙarfin kankaren na kwana 7 ya dawo.

Tun da na dawo gida takardar nan take damuna. Babu rana ɗaya ta ƙarya a cikinta, kowace ranar farawa da ta gamawa daidai take da abin da ke littafin wurin aiki, amma Alhaji zai buɗe ta ya tarar da sifiri daga sama har ƙasa, ya fahimci abin da ba haka yake ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ban yi gardama sosai ba, domin da safe na kafe a kan kwana shidan da suke wuyan Alhaji, da aka zo inda za a binne biyun da suke wuyana kuwa sai bakina ya yi nauyi. Maman yara ta lura ban taɓa tuwon kirki ba, na ce mata gajiya ce.

Bayan isha'i na sake buɗe fayil ɗin, na mayar da shi kan tsarin Mayu don in tabbatar yana nan, sandar toka kuwa tana kan 4 ga Agusta. A gurbin bayanin aikin kankaren na rubuta rabon kwanakin uku, ruwa 5, rodi 6, yashi 2, na sa sunana a gaban na ƙarshen. Na kuma shirya shafi guda mai ɗauke da tsarin biyu gefe da gefe. Ganawa da Alhaji ƙarfe 10 ce, Injiniya kuma yakan iso ofis tun 8, saboda haka a teburinsa zan fara ajiye shi.