Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ruwan Da Ke Sauka Ba Hadari

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a inda aka yi sadakar arba'in ɗin Baba, dangi suka zauna suka raba mu. Ni aka ba Kawu, yayan Inna, na tattara 'yan kayana a baƙar leda na koma gidansa a Mando. Inna kuwa ta ci gaba da takabarta a Tudun Wada. Shekarata 14 a lokacin.

Abin da ban faɗa muku ba shi ne maganar da na bari tana yawo a unguwa. Baba shi ne miji na biyu da ya rasu ya bar Inna, don haka wasu suka fara cewa farar ƙafa gare ta. A zauren gidanmu na ji wata ta faɗa, tana cin abincin sadakar. Ban iya cewa komai ba, sai na riƙe abin a ciki. Da na je Mando na samu wani littafin rubutu mai shafi 60, na fara ƙirƙirar wani gari da babu shi a duniya, na sa masa suna Dutsen Raɓa. A kan tsauni yake, mota ba ta kai wa, jaki ma sai da wahala. A bakin garin akwai wata bazawara da kullum da magariba ruwa ke zuba a gonarta ita kaɗai, ko da rani, sama tas babu hadari. Alayyahunta kore shar, na maƙwabta a bushe. Mutanen gari suka ce aljani ne ke aurenta. Ni kaina haka na yi niyyar ƙarasa labarin, don ban san wata amsa ba.

Kawu ya yi ritaya daga ofishin duba yanayi na filin jirgin sama. Mutum ne da in jirgin sojan sama ya ratsa ta kan gidan, sai ya dakata da magana ya bi shi da ido har ya ɓace. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa ba ya kira na sai da Uwata. Yana da wata tsohuwar akwatin ƙarfe cike da takardu, a ciki na ga hoton wani abu dogo kamar kifi yana shawagi a kan gidaje.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Jirgin balan-balan ke nan, Uwata. Graf Zeppelin sunansa, na Jamusawa. A 1929 ya zagaye duniya."

A daren nan na shigar da jirgin cikin labarina, na ce shi ke kai wa mutanen Dutsen Raɓa gishiri da kananzir. Na rubuta yadda yake gudu a ƙasa ya tashi, ya dawo ya sauka da ƙara kamar waɗanda nake gani. Bayan kwana biyu Kawu ya tarar da littafin a kan tabarma. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya sa tabarau ya karanta tun daga fari, ya ce garin ya yi kyau, amma jirgin nan in an tuƙa shi yadda na rubuta, ba zai kwana biyu ba.

Daga nan aka fara karatun da har yau nake ganin ya fi wanda na yi a aji amfani. Bayan sallar isha'i, in an ɗauke wuta, sai ya kunna fitilar ƙwai mu zauna a tsakar gida.

Ya fara da cewa wannan jirgi ba fukafuki ke ɗaga shi ba. Iska ce a cikinsa wadda ta fi ta waje rashin nauyi, sai ya taso kamar ƙwarya a kan ruwa. Iri biyu ake sawa, haidurojin ko hiliyam. Haidurojin ta fi ɗagawa kaɗan amma tana kama wuta, kuma ya san ta hannu da hannu, don da ita suke cika ƙananan balan-balan da suke saki su auna tafiyar iska a sama. Ya ce in ka cika akwati mai mita 1 ta kowane gefe da wannan iska, abin da za ta ɗaga bai wuce kilo 1 da ɗan kai ba. Shi ya sa jiragen suke da girma haka. Wani irinsa mai suna Hindenburg tsawonsa mita 245 ne. Ranar 6 ga Mayu 1937 ya kama da wuta yana shirin sauka a Lakehurst ta Amurka, mutum 36 suka mutu. Kafin shi, a 1930, na Ingila mai suna R101 ya faɗi a Faransa a kan hanyarsa ta zuwa Indiya, ya ci rai 48. Da ya faɗi waɗannan sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce duk dokar da aka kafa a sama, in ka bi asalinta, akwai makokin da aka yi kafin a rubuta ta.

Sai dokokin. Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta ba da hanya. A sama, mai ƙarfi ke kauce wa mara ƙarfi. Jirgi mai inji da fukafuki shi zai kauce wa jirgin balan-balan, shi kuma ya kauce wa jirgin da ba shi da inji, dukkansu kuma su kauce wa balan-balan zalla da iska ke kai wa inda ta ga dama. In biyu sun yi gaba da gaba, kowa ya karkata damansa. Da dare jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a wutsiya, don na nesa ya gane inda ka dosa. Ya ce ƙasashe sun yarda da tsari ɗaya tun daga yarjejeniyar da aka ƙulla a Chicago a 1944, abin da ake koya wa ɗalibai a kwalejin jiragen sama ta Zariya ke nan. Na daɗe ina juya maganar nan, ni da na baro gidan da aka taru a kan mace ɗaya mai takaba.

Ya gyara mini sauka ma. Wannan jirgi ba ya gudu a ƙasa. A hankali yake zuwa yana fuskantar iska, ya sako igiyoyi, majiya ƙarfi su kama, a ɗaure hancinsa a wani dogon ƙarfe. Na ce, "Kamar turke?" Ya yi murmushi ya ce turke ne mana, sai dai dokin yana juyawa duk inda iska ta juya. Tun daga ranar filin saukar garina ya zama Bakin Turke. Ya kuma ce tunda garin a kan tsauni yake, dole a rage kaya, domin iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa. Jirgi na hawa, iskar cikinsa na kumbura, in ta cika maƙil sai an saki wata, wadda aka saki kuma ta tafi ke nan. Na koma na soke rabin buhunan gishirin da na loda. Na rubuta wa garin dokokinsa a bangon littafi: ba a tashi in hazo ya rufe kan dutse, ba a kunna ashana a Bakin Turke, ba a bin bayan tsauni ranar iska domin can take gangarowa ta danne jirgi.

Wani dare ya tambaye ni labarin bazawarar. Na ce aljani ne ke ba ta ruwa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya ce in zana masa garin a ƙasa. Na ɗauki tsinke na zana tsauni, na zana Bakin Turke, na zana gonarta.

"Ina rana take faɗuwa?"

Na nuna bayan tsaunin.

"Jirgin fa, yaushe yake isowa, ta ina yake bi?"

Na ce dab da magariba, ta kan gonarta.

Ya ce, "To Uwata, mene ne na gaya miki rana tana yi wa iskar cikin jirgi?"

Ya taɓa faɗa mini. Rana na dumama ta, jirgi ya ƙara sauƙi. In ya shiga inuwa ta huce, ya yi nauyi, ya fara nutsewa. Matuƙi kuwa yana ɗauke da tankunan ruwa don irin wannan lokaci, sai ya buɗe ya zubar, jirgin ya daidaita. Na dubi zanen da na yi da hannuna. Daidai kan gonar matar nan jirgin ke shiga inuwar tsauni, kullum, a lokaci guda. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ni na ƙirƙiri garin, ni na ajiye gonar a wurin, amma ban san amsar tana kwance a ciki ba. Na fashe da kuka, Kawu ya bar ni na yi mai isata, bai tambaye ni dalili ba. Ina jin ya sani, ƙanwarsa ce.

Kwana uku na yi ina sake rubuta ƙarshen. Na sa wata yarinya mai tallar gyaɗa a Bakin Turke ta lura cewa ranar da hazo ya hana jirgi zuwa, gonar ba ta samun ko ɗigo. Ta ƙirga kwanakin da tsakuwa, ta kai gaban mai gari, aka kira matuƙi ya tabbatar a gaban jama'a.

Ranar Juma'a Kawu ya ɗauke ni a babur muka je Tudun Wada. Na tarar da Inna a ɗaki ta rame, carbi a hannu. Na zauna kusa da ita na karanta mata tun daga farko har ƙarshe. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Da aka gane gaskiya, sun ba ta haƙuri?"

Na ce ban rubuta wannan ba tukuna.

Ta ce, "Ki rubuta sun ba ta."

A kan gadonta na rubuta, da biron Kawu. Littafin kuma a jakar makarantata ya kwana, ranar Litinin malamarmu ta Hausa ta gan shi a hannuna ana tsakiyar darasi, ta karɓe ta ce in same ta ofis bayan an tashi. Abin da ya faru a ofishin nan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.