Rubutun ɗalibaina a cikin waya: abin da na gani a shekarun nan

Ina koyar da dabarun rubutu da bincike ga 'yan shekarar farko a ɗaya daga cikin jami'o'inmu na arewacin Kamaru. Uku ne yanzu: ta Ngaundare da ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, ta Marwa da aka kafa a 2008, sai autarsu ta Garwa a 2022. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan shekarar farko ya san yadda abin yake. Kai kaɗai a bakin allo, gabanka kawuna sun haura 200: Hausawa da Fulani, Mafa daga Mokolo, Tupuri da Masa daga wajen Yagwa, Kotoko da Shuwa daga Kuseri, ga 'yan Chadi da suka tsallako neman ilimi. Da Faransanci ake karatu, da Fulatanci ake ciniki a kasuwa, kowa kuma da harshen da ya sha a nono.

Na daɗe ina bin hanyar da na gada daga malamaina. In ba da aiki, in kwashi takardu, in bi su da jan biro, bayan wata guda in mayar. Ɗalibi ya dubi makin da ke saman takarda, ya naɗe ta ya jefa a jaka, shi ke nan. Yawancin takardun da jimla ɗaya suke buɗewa, wadda aka haddace tun daga sakandare, ma'anarta "tun fil azal ɗan Adam yake kaza da kaza". Abin yana damuna ƙwarai, domin na san yaran nan ba su rasa abin faɗa ba. Ka ji su a gindin bishiya suna musu, sai ka tsaya saurare. Amma mutum ɗaya tak ne zai karanta abin da suka rubuta, shi ma kuskure yake nema. To me zai sa yaro ya saki jiki?

Ranar 17 ga Maris 2020 gwamnati ta sanar da rufe makarantu da jami'o'i saboda korona, kowa ya kama hanyar garinsu. Wakilin aji, wanda ɗalibai ke kira delege, yana da zauren WhatsApp da suke sanar da juna sauyin lokacin darasi. Na ce ya saka ni. Ban shiga da wani shiri ba, so nake kawai in riƙe su da ɗan aiki kafin a buɗe, wanda ba a yi ba sai 1 ga Yuni. Aikin farko shi ne kowa ya rubuta kalmomi 150 a kan sana'a ɗaya da ake yi a gidansu ko a layinsu, ya tura zaure kowa ya gani. Sharaɗi guda: abin da idonka ya gani.

Wani yaro Bahaushe ya turo nasa, duk bayani ne a kan amfanin nama ga lafiyar jiki, irin wanda ake samu a kowane littafi. Na tuna ya taɓa ce mini mahaifinsa mahauci ne. Sai na bi shi ta gefe, na tura masa saƙon murya da Hausa: "Malam, ba gidan fawa ka tashi ba? Faɗa mini da bakinka yadda ake kilishi a gidanku." Ba a jima ba ya turo murya ta minti uku. Ya ce tun da asuba baba yake zaɓen tsokar cinya marar kitse, ya zauna ya riƙa buɗa ta da wuƙa a hankali har ta koma faifai guda mai faɗi, siririya yadda in ka ɗaga ta za ka hangi haske. A shimfiɗa a kan gadon kara a rana, ƙaninsa na zaune da reshen darbejiya yana korar ƙuda. In ta bushe a dama labu da tunkuza da albasa da citta da kanumfari da barkono, a tsoma, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna wa wuta kaɗan. Ya ce baba ba ya duba agogo, lanƙwasa naman yake da yatsa biyu ya san ko ya yi. Na saurara sau biyu. Na ce masa, "Wannan da ka faɗa shi ne rubutun. Rubuta shi da Hausa kamar yadda ya fito daga bakinka, daga baya ka mayar da shi Faransanci."

A wajen mayarwa ya cije a kan kalma ɗaya: labu. Ya duba ƙamus bai samu ba, ya kawo maganar zaure. Kwana biyu ana tafka muhawara. Wasu suka kawo kalmar Faransanci mai nufin miya, wasu mai nufin ƙullu, 'yan gidan mahauta suka ce ko ɗaya bai yi ba. Can wata yarinya daga Mokolo, wadda ba ta jin Hausa sosai, ta ce a bar kalmar yadda take, a bi ta da jimla ɗaya mai bayyana ta. Wannan shi ne abin da nake shafe awa biyu ina koyarwa da sunan fayyace ma'anar kalmomin bincike, ba ya shiga. Ranar ya shiga, saboda akwai mai karatu na gaske da bai san labu ba kuma yana son ya sani.

Tun daga nan na mayar da abin ya zama hanyata, har bayan an dawo aji: a faɗa da baki, a rubuta da harshen da aka yi tunani da shi, sa'an nan a kai Faransanci. Wani abokin aiki ya tuna mini cewa da Faransanci za su zauna jarrabawa, da shi za su rubuta kundin kammala karatu. Gaskiyarsa, kuma da Faransancin nake ba da maki. Sai dai na lura wanda ya san abin da yake son faɗa, gyaran nahawunsa ba ya wuya. Wanda ke ta jera manyan kalmomi babu komai a ƙarƙashi, ba ka da inda za ka kama. Tsarin mulkinmu na 1996 ma, bayan ya ambaci Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan hukuma, ya ɗora wa ƙasa kare harsunan gida da bunƙasa su. Ban ga inda ya fi aji dacewa da hakan ba.

A nan ne na gane yawancin 'ya'yanmu ba su taɓa rubuta Hausa da ƙa'ida ba. Da kunnen Faransanci suke rubuta ta, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", ba ruwansu da haruffa masu ƙugiya. Wani ya so ya ce sun yi baƙi, ya rubuta sun yi baki. Na ɗauki darasi guda muka buɗe saitin waya tare, kowa ya ƙara Hausa ko Fulatanci a madannan rubutunsa. Masu Fulatanci sun yi murna da suka ga ɓ da ɗ nasu ne su ma. Na gaya musu tun 1979 masana harshe suka fitar da haruffan bai-ɗaya na rubuta harsunan Kamaru. Da yawa ranar suka fara ji.

Babban kuskurena a shekara ta biyu na yi shi, kuma har yau ina jin nauyinsa. Wata ɗaliba ta turo rubutu a kan matan da ke soya ƙosai a ƙofar gidansu. Rubutun yana da rai, amma Faransancin ya yi rauni. Na ɗauki hotonsa, na zagaye kurakurai da ja, na tura zaure da niyyar kowa ya amfana. Samari biyu suka saka alamar dariya. Mako uku ban sake jin ɗuriyarta ba. Daga baya ta zo ofis tare da ƙawarta, ta tsaya daga bakin ƙofa, kanta a sunkuye, ta ce, "Malam, da a takarda ka gyara mini, ni kaɗai zan gani. Yanzu har 'yan unguwarmu sun sani." Na ba ta haƙuri, washegari kuma na sake ba ta haƙuri a gaban aji, tun da a gaban jama'a na yi laifin. Abin da aka faɗa a anfi, wato babban ɗakin lacca, iska ke kwashe shi, amma abin da aka tura zaure yana nan zaune, ana iya tura shi ko'ina. Ban yi wannan tunanin ba sai da na ga fuskarta.

Daga ranar na sauya doka. A fili, mai karatu abu biyu kawai zai faɗa: wace jimla ce ta sa ya ga abin da idonsa, kuma wace tambaya ce ta rage masa. Gyaran nahawu tsakanina da mai rubutu ne, a gefe. Na kuma fasa babban zauren zuwa ƙanana, mutum takwas-takwas, don a cikin 200 mutum 15 ne ke magana, sauran na leƙe. A cikin takwas babu wurin ɓuya, kuma kunya tana raguwa. Na haɗa su da gangan yadda harsuna za su cakuɗe, saboda wanda ba ɗan garinku ba shi ne ke yin tambayar da ke tilasta maka bayani.

Akwai abubuwan da ba a littafi ake koyonsu ba. Wasu 'yan matan wayar yayansu ko ta maigida suke ara, saƙon namiji da ƙarfe 11 na dare kuwa yana iya tayar da ƙura a gida ko da a kan aikin makaranta ne. Saboda haka ana rufe zauruka bayan sallar isha'i, masu kula kaɗai ke iya rubutu, kuma wadda ta fi son zauren mata zalla ana ba ta. Kuɗin data ma magana ce. Ɗalibin da ke ƙirga kuɗin babur ɗin haya da na abinci, sefa 500 ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, don haka na hana bidiyo da manyan hotuna, rubutu tsagwaronsa kusan ba ya cin komai. Ba na ba da maki a kan yawan saƙo, don hakan saka wa mai kuɗi ne. A zafin Maris da Afrilu, in wuta ta ɗauke waya ta mutu, a rubuta a takarda a ba abokin zaure ya ɗauki hoto ya tura. Wanda ba shi da waya sam, takardarsa na karɓa hannu da hannu, 'yan zaurensa su karanta ta kafin darasi.

WhatsApp yana binne rubutu. Abin da aka tura jiya, yau saƙo 100 sun hau kansa. Shi ya sa na buɗe rufaffen zaure a Facebook inda ake ajiye wanda aka gama gyarawa, da yardar mai shi. Can ne 'yan aji na bana ke karanta na bara. Sau ɗaya wani ya rubuta a kan algus a kasuwar hatsi, ya kama sunan ɗan kasuwa har da hoton rumfarsa. Na sa ya cire nan take. Muka yi darasi a kan bambancin abin da ka gani da abin da aka ce maka, na kuma tuna musu cewa tun 2010 ƙasar nan tana da dokar laifuffukan intanet. Ba suna, ba fuska, sai da izini. A yankin da ya sha fama da Boko Haram, kowa ya fahimci dalilin ba tare da dogon bayani ba.

Satar rubutu ba ta ƙare ba, tun ƙarshen 2022 ma da manhajojin da ke rubuta wa mutum suka yaɗu sai ta sake salo. Maganin da na samu shi ne irin aikin da nake bayarwa. Na'ura za ta iya cika maka shafi a kan kiwon shanu, amma ba ta san abin da dillali ya ce wa kawunka ranar kasuwa ba. In na yi shakka, tambaya ɗaya nake yi da murya: "Wa ya gaya maka wannan, a ina kuke zaune?" Wanda ya je, nan take zai amsa.

Inda waya ta gaza kuwa shi ne dogon zance. Tana koya wa yaro kyakkyawan sakin layi, amma ba ta koya masa riƙe hujja ɗaya har shafi biyar, ya kawo abin da masana suka ce, ya auna, ya yanke. Babban yatsa yana gajiya, allon ƙarami ne, ba ka ganin farkon maganarka in ka kai tsakiya. Don haka daga tsakiyar zango muke komawa takarda da ɗakin karatu, kowa ya ɗauki guntun rubutunsa na waya ya gina bincike a kansa. Kuma kada wani malami ya ɗauka aikin zai ragu masa. Ƙaruwa yake yi. Na tsayar wa kaina yammaci biyu a mako, na gaya musu, in ba haka ba iyali ba za su gan ni ba.

A Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta cinye unguwanni a Yagwa da sauran garuruwan Mayo-Danay, wata sabuwar ɗaliba daga can ta turo aikinta na farko. Ba ta fara daga fil azal ba. Ta fara da mahaifiyarta tsaye cikin ruwa iya ƙugu, ta ɗora buhun dawa a ka, tana kiran sunayen yara ɗaya bayan ɗaya cikin duhu don ta ji kowa ya amsa. Akwai kurakuran nahawu guda tara a ciki, na tura mata su a gefe. 'Yan zaurenta bakwai duk sun karanta kafin magariba. Yaron da ya fara magana ɗan Injamena ne, su ma ruwa ya ci su a daminar. Tambayarsa ita ce, buhu nawa suka iya fitarwa, nawa suka bari? Ta ce ba ta sani ba, amma za ta kira gida. Washegari ta ƙara sakin layi biyu.