Makonni uku ina lissafin makin Kofin Duniya na iyo

Littafin yana nan a aljihun teburina, irin mai shafi arba'in ɗin nan na 'yan makaranta, har bangonsa ya fara naɗewa. A shafin ƙarshe da na yi rubutu akwai lambobi biyu, ɗaya a saman ɗaya: 178.5 da 178.4. Na sama na Kate Douglass ne, na ƙasa na Regan Smith, dukansu 'yan Amurka. Kwana tara suka yi suna iyo a birane uku, abin da ya raba su ke nan. Na rubuta su ranar Asabar 2 ga Nuwamba 2024, kuma sai da na ɓata shafuka da dama kafin hannuna ya iya fitar da su daidai da na hukumar gasar.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Iyo kuwa a rafi na koya tun ina yaro, inda ba agogo ba alƙali, wanda ya riga taɓa gaɓar can shi ne gwani. Gasar Olamfik ta Paris ce ta ja ni kallon iyon zamani, lokacin da Léon Marchand na Faransa ya kwashe zinare huɗu a gaban mutanen ƙasarsa. Da aka watse na ji ashe ba a nan kakar ta ƙare ba, akwai wata gasa da ake kira Kofin Duniya na iyo, wadda aka faro tun 1988. Ba irin kofin ƙwallon ƙafa ba ne da ake taruwa a ƙasa ɗaya a yi a gama. Zango-zango ake yi, ana tara maki, a ƙarshe a fitar da gwani ɗaya cikin maza, gwana ɗaya cikin mata. Hukumar da ke shiryawa ita ce World Aquatics, wadda ake kira FINA kafin ta sauya suna a ƙarshen 2022. A 2024 zango uku aka yi: Shanghai a ƙasar Sin daga 18 zuwa 20 ga Oktoba, Incheon a Koriya ta Kudu daga 24 zuwa 26, sai Singafo daga 31 ga Oktoba zuwa 2 ga Nuwamba.

Bayan ranar farko na ga teburin maki ɗauke da lambobi masu ɗigo, ban san ta inda suka fito ba. A aji ba na karɓar amsa idan yaro bai nuna mini aikinsa ba, sai na ga bai kamata ni ma in karɓi wannan haka nan ba. Na ja layuka a littafi, na ware shafi ga kowane ɗan wasa cikin waɗanda nake bi.

Ƙanina ya same ni a kai da daddare, ya ce, "Yaya, ai duk suna sakawa a intanet, me ya sa za ka wahalar da kanka?"

Na ce masa so nake in san abin da idona yake gani.

Lokaci ma ya ba ni aiki. Shanghai da Singafo sun riga mu da awa bakwai, Incheon da awa takwas. Zagayen share fage da suke yi da safe a can, mu nan tsakar dare ne. Zagayen ƙarshe da suke yi da yamma yana faɗo mana tsakanin hantsi da azahar, ina aji a ranakun Alhamis da Juma'a. Saboda haka yawanci sai bayan la'asar nake zama da waya da biro. Da farko na ɗauka share fage ba abin damuwa ba ne, tankaɗe ne kawai. A irin wannan zagayen na safe ne Noè Ponti na Suwizalan ya kafa tarihin duniya a mita 50 na iyon malam-buɗe-littafi a Shanghai, daƙiƙa 21.67, ina barci. Daga ranar na riƙa duba sakamakon safiya kafin in fita aiki.

Kuskurena na farko tun kafin in kai ga maki ne. Douglass ta ci zinaren mita 200 na iyon kwaɗo a Paris da minti 2 da daƙiƙa 19.24. A Shanghai na ga ta yi 2:15 da ɗoriya, na ce wannan wace irin ƙaruwa ce cikin wata uku? Ashe tafkin ne ba ɗaya ba. Na Olamfik mita 50 ne tsawonsa, na wannan kakar mita 25. A dogon tafki mai yin mita 200 sau uku yake juyawa a bango, a gajere sau bakwai. Kowace juyawa kuwa riba ce, domin mutum zai tokari bango da ƙafafu biyu ya harba kansa ƙarƙashin ruwa, kuma babu wani wuri a tsakiyar tafki da yake samun gudu irin na wannan lokacin. Shi ya sa a iyon rigingine da na malam-buɗe-littafi da na ganin dama aka sa doka cewa kai ya fito sama kafin a wuce mita 15 daga bango. A tafki mai mita 25 wannan na nufin gwani yana iya yin fiye da rabin kowane tsawo a nutse. Tarihin duniya ma gida biyu ne, na dogon tafki daban, na gajere daban, ba a gwama su. Akwai ma tseren da sai a gajeren ake yinsa, mita 100 na iyon haɗaka, inda ake yin tsawo ɗaya-ɗaya na salo huɗu: malam-buɗe-littafi, rigingine, kwaɗo, sannan ganin dama.

Wannan ya sauya mini yadda nake kallo. A da hannuwa nake bi da ido, kamar yadda muka saba a rafi, wanda ya fi fantsama ruwa shi muke ɗauka ya fi sauri. Na koma kallon bango. Sau da yawa mutum biyu za su iso tare, su nutse tare, sai ka ga ɗaya ya ɓullo da tazarar rabin jiki.

Sai lissafin kansa. Maki iri biyu ake haɗawa a kowane tsere. Na farko na matsayi ne: wanda ya zo na ɗaya 10, na biyu 8, na uku 6, daga nan 5, 4, 3, 2, har na takwas mai 1. Na biyu na saurin da aka yi ne, kuma a nan na fi jin daɗi. Kowane tsere yana da lokacin da ake auno da shi, wato tarihin duniya na wannan tseren. Za a raba wannan lokacin da lokacin da ɗan wasa ya yi, abin da ya fito a ninka shi da kansa sau uku, sannan a ninka da 1000. Wanda ya yi daidai da tarihin zai samu 1000 cif. Daga nan a mai da shi ƙarami, 990 zuwa 999 ya zama 9.9, 980 zuwa 989 ya zama 9.8, haka har ƙasa. Ba a ciko, ko 999 ka samu 9.9 ɗin ne. Ninkin nan sau uku shi ke sa ɗan jinkiri ya yi tsada, wanda ya gaza saurin tarihi da kashi ɗaya cikin ɗari sai ya rasa kusan kashi uku na makinsa.

A zangon Shanghai na tara wa kowa duk tseren da ya shiga, lambobina suka yi sama da na hukuma nesa ba kusa ba. Sai da na koma na karanta ƙa'ida a tsanake na ga tsere uku mafiya kyau kawai ake ɗauka a kowane zango. Na yage shafuka biyu na sake. Amma wannan ƙa'idar ta buɗe mini ido a kan wani abu. Gasar ba ta wanda ya fi yawan faɗawa ruwa ba ce. Wanda yake da tsere uku da zai iya cinyewa, kuma ya yi su dab da tarihin duniya, mako uku a jere, da jirgi da sauyin gari a tsakani, shi ke da ita. Zango ɗaya cikakke yana kusa da maki 60, uku kusa da 180. Wanda ya tsallake zango guda ya fita daga lissafi, komai gwanintarsa. Kaylee McKeown ta Ostireliya, wadda ta ci kakar 2023, ta janye bayan ranar farko a Shanghai, ta ce tana bukatar hutu don lafiyar ƙwaƙwalwarta. Na rufe shafinta da layi ɗaya tak a rubuce, kuma ban ga laifinta ba.

Kuskure na uku shi ya fi cin lokacina. A Incheon Smith ta kafa tarihi a mita 100 na rigingine, 54.41, ta karya 54.56 da McKeown ta kafa a watan Satumba. Na auna da 54.56, lissafina ya gaza na hukuma. Na sake, na sake, har na fara zargin na'urar lissafina. Ashe lokacin aunawa ba ya motsi a tsakiyar kaka. Sau ɗaya ake tsai da shi a shekara, a ƙarshen Agusta ga gajeren tafki, don haka tsohon tarihin Minna Atherton na 54.89 shi ne ma'auni har lokacin. Da na sa shi sai komai ya zauna. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na daren nan ba.

Ɓangaren maza bai yi zafin na mata ba, sai dai a mita 100 na haɗaka, inda Marchand da Ponti suka taɓa bango lokaci guda a Incheon aka ba su na ɗaya su biyu. A Singafo Marchand ya yi mita 200 na haɗaka a 1:48.88, ya kawar da 1:49.63 na Ryan Lochte da ya tsaya tun 2012. Ponti ya sake rage tarihinsa na mita 50 na malam-buɗe-littafi zuwa 21.50, amma a biyu ya ƙare, Marchand ya ɗauki kakar, Duncan Scott na Birtaniya ya zo na uku. Da nake duba jerin waɗanda suka ci a baya na yi murnar ganin Afirka ta Kudu a ciki sau da dama: Chad le Clos sau huɗu, Cameron van der Burgh sau uku, Matthew Sates a 2021. A mata kuwa Katinka Hosszú ta Hungari ta riƙe ta shekara biyar a jere, daga 2012 zuwa 2016.

Zuciyata tana wajen Smith, ba zan ɓoye ba. A Paris azurfa uku ta samu a tserenta na kanta, kullum saura ƙiris. A Singafo ta sake karya tarihin mita 100 da 54.27, ranar ƙarshe kuma ta karya na mita 200 na rigingine da 1:58.83. Tarihi uku ke nan a kaka ɗaya. Douglass biyu ta kafa, duka a mita 200 na kwaɗo: 2:14.16 a Incheon, wanda ya kawar da 2:14.57 na Rebecca Soni da ke tsaye tun 2009, sai 2:12.72 a Singafo. A ido, mai uku ta fi mai biyu. A takarda kuwa karya tarihi ba shi da wani maki na musamman. Kuɗi ake bayarwa a kansa, dala 10,000, maki kuma sai gwargwadon nisan da ka ba wa ma'auni. 54.27 ya ba Smith 1034, wato 10.3. Tarihinta na mita 200 da ƙyar ya haura tsohon, sai ya tsaya a 10.0. Ita kuwa Douglass da ta zabge kusan daƙiƙa biyu daga tarihin Soni ta samu 1042, wato 10.4. Na ji an ce ilimin ƙididdiga ta karanta a Jami'ar Virginia, kuma ya yi mini daɗi a ce mai irin wannan karatun ce ta ci da ɗigo ɗaya.

Na yi ta juya abin a raina ko an yi adalci. Ina ganin an yi, domin ƙa'idar tana nan a rubuce kafin kowa ya jiƙa ƙafarsa, kuma tana auna abin da ya kamata, wato yawan saurin, ba yawan sunan da aka yi ba. Inda nake da ja shi ne yanke lambar ƙarshe da ake yi. Mai 989 da mai 980 maki ɗaya suke samu, alhali mai 990 da ya fi na farkon da ɗaya tak ya haye mataki. Idan tazarar kaka duka 0.1 ce, kuma ta ɗaya za ta karɓi dala 100,000 ta biyu 70,000, to wannan ɗan abin da ake zubarwa a kowane tsere ba ƙarami ba ne. Da ni ne, da na bar lambobin cikakku har ranar ƙarshe.

Bayan an gama na zauna na yi wani lissafi da ba wanda ya sa ni. Na nemi lokacin da zai sauko da Douglass daga 10.4 zuwa 10.3 a tseren nan na Singafo. A 2:12.82 tana da 1040, tana nan daram. A 2:12.83 sai ta koma 1039. Da ta makara da kashi 11 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya, da ita da Smith sun tashi kunnen doki a 178.4. Na kira ƙanina na nuna masa shafin. Ya duba ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, sake kunna tseren mu gani." Muka kunna, muna ƙirga juyawarta a bango ɗaya bayan ɗaya har bakwai.