Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ni da Hassan a Kwaleji

Makon jiya na tsaya inda muka shiga siziyam, wato ajin farko na kwaleji, ni da ɗan tagwaicina Hassan.

A kwaleji hanyarmu ta rabu. Ni ba na wuce ta uku a aji, shi kuwa goma cikin ashirin ɗin da ake bukata don a wuce gaba, da ƙyar yake haɗa ta. Kuma ba ni kaɗai ba: a ajinmu ƴan mata ne a sahun gaba, sai dai kullum raguwa muke. Hutu ya ƙare, a dawo, a tarar da benci wayam, a ce wance an ɗaura mata aure. Dokar kare karatun ƴaƴa mata sai a 2017 aka sa mata hannu, lokacin namu ya riga ya wuce.

Wanda ya san Damagaram ya san wahalar ruwa. A unguwarmu ta Birni famfo sai tsakar dare yake kawowa, in ya ga dama. Ni ake tayarwa in jera jarkoki, ina tsaye ina bitar darasi da tocila a baki. Da safe kaina kamar zai tsage. Ga fargaba: duk baƙon da ya yi sallama da Baba, gabana ya faɗi. Na taɓa gaya wa Inna ba na iya barci, ta ce, "Usaina, ke da kike cin jarrabawa, mene ne damuwarki? Yi addu'a."

Shi Hassan fada, wato majalisar hirar samari, ta ɗauke shi. Shayi har ƙarfe ɗaya, daga baya ya fara bin samarin unguwar Kara-Kara masu ɗaga ƙarfe. Kowa ya ce iskanci ne. Ni na san ba haka ba ne, don na gan shi bayan ɗaki ranar da malamin lissafi ya karanta makinsa gaban aji, yana yayyage littafinsa shafi-shafi, ido jawur. Baba bulala ya ɗauko, ya ce namiji ba ya kuka. Ba wanda ya tambaye shi ko yana ganin allo daga bayan aji. Ashe idonsa ne.

Shekarar BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, aka kore shi. A makon ne kuma Gwaggo ta iso daga Mirriya da ƙullin goro.

Sai mako mai zuwa.