Ashe madara ce

Kusan shekara 2 ina fama da kumburin ciki. Wani ya ce basir ne, Hajiyarmu ta ce in sha jiƙon sabara. Daga baya wata likita ta ce in ajiye madara, alkama da wake na mako 3, sannan in dawo da su ɗaya bayan ɗaya, kwana 3 tsakani, ina rubuta abin da na ji.

Makon farko wallahi na sha wuya. Ba burodi, ba taliya, ba ƙosai! Mai shayin layinmu har ya tambaya ko faɗa muka yi.

Na dawo da wake, lafiya lau. Burodi ma shiru. Ranar da na sha shayi da madara kuwa, kafin azahar ciki ya ɗau ƙugi. Ashe sukarin da ke cikin madara, laktos, shi ne hanjina ba ya narkarwa. Kindirmo bai cika damuna ba, don tsamin ya riga ya rage sukarin.

Tumbi ya ɗan sauka, amma ina zargin rashin burodin ne. Yanzu baƙin shayi nake sha, fura da nono kuma tana nan daram.